Tambaya da Amsa: Me ake nufi da wiskin Ayilan da aka ƙarasa a gangar sheri?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani otel a Dublin. Ni ba na shan giya, amma baƙi kan nuna min kwalba su tambaye ni bambancin wiskin da aka ƙarasa a gangar sheri da sauran, sai in rasa abin faɗa. Kuma wai gaskiya ne wanda ya fi duhu shi ya fi daɗewa?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Idan ka ga an rubuta "single malt", to da tsiron sha'ir zalla aka yi shi, a masana'anta ɗaya, aka tace shi ta turiri a tukwanen jan ƙarfe. Dokar Ayilan ta ce sai ya shekara 3 aƙalla a gangar katako a cikin tsibirin, gangar kada ta wuce lita 700, ƙarfin barasarsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100.

Ranar da ya fito daga tukunya fari ne tas kamar ruwa. Katako ne ke ba shi launi da yawancin ƙamshinsa. Galibi a tsofaffin gangunan wiskin Amurka, masu cin kusan lita 200, yake fara zama. Suna da araha, domin dokar can ta ce a sabuwar ganga kaɗai ake zuba "bourbon", wani nau'in wiskinsu, don haka sukan sayar da tsofaffin. Ƙarasawa ita ce a juye shi daga nan zuwa gangar da sheri ya taɓa zama a ciki, ya ƙara 'yan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu.

Shi sheri giyar inabi ce ta yankin Jerez a kudancin Sifaniya. Ka san yadda tukunyar ƙasa ke riƙe ƙamshin miya ko an wanke ta? Haka katakon yake, ya sha sheri ya ƙoshi, sai wiskin ya tsotso abin da ya bari. Gangar Oloroso, wani nau'in sheri, kan ba da ƙamshin zabibi, kirfa da 'ya'yan itace busassu. Ta Pedro Ximénez, nau'in sherin da ake yi da inabin da aka shanya a rana, ta fi zaƙi da duhu, har ka ji kamar dabino. Misalin irin wannan wiski a hannu shi ne Tyrconnell mai shekara 10 da aka ƙarasa a gangar sheri, na masana'antar Cooley da ke gundumar Louth.

Tun da aka daina fitar da sheri a ganguna daga Sifaniya a shekarun 1980, yawancin gangunan nan, masu cin kusan lita 500, musamman ake haɗa su a jiƙa su da sheri domin masu wiski. Shi ya sa suke da tsada.

Batun duhu kuwa, a'a, kuma wannan ruɗin yana damuna, domin da shi ake yaudarar mai saye. Wata shida a gangar Pedro Ximénez kan iya rina wiski fiye da shekaru a gangar Amurka, ga shi doka ta yarda a ɗiga launin karamel, wato na ƙonannen sukari. Ka nuna wa baƙon lambar shekarun da ke jikin kwalbar, ita ce shekarun mafi ƙanƙantar wiskin da ke ciki.