Ogan mai bututu da sanyin hunturu

Ka ce ogan mai bututu na cocinku, wato kayan kiɗan da iska ke bi ta bututunsa ya ba da sauti, yana saɓa murya da safe tun shigowar hunturu, ko ya lalace ne? Bai lalace ba, sanyi ne. Iska in ta yi sanyi muryar bututun takan sauka, bututun da ke da harshen tagulla a ciki kuwa da kyar muryarsu take canzawa, sai ka ji sun saɓa.

Mu a Jos mun taɓa sa mai gyara ya daidaita namu da asuba, rana na ɗagawa komai ya rikice. A daidaita shi a irin ɗumin lokacin sujada. Amma in fatar zugazugin da ke hura masa iska ta tsage don bushewa, wannan kam sai an sauya ta.