Amsa kan yaɗiyar da ta fito a gindin katanga

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki cewa yaɗiya ta tsiro miki da kanta a gindin katanga, kina so ki barta ta hau rumfa ta yi miki inuwa amma kina tsoron kar ta mamaye ko'ina, ga kuma 'yar gwaibarki a kusa. To wallahi tsoronki a kan hanya yake, amma ni dai ba zan ce ki tumɓuke ta ba, shekara 7 kenan ina tare da ita kuma har yau ban ga shukar da ta kai ta haƙurin ƙishirwa ba.

Abin da ya kamata ki fara sani, yaɗiya ba irin soso ko garafuni bace masu kama abu da 'yan siraran zare, ita da jikinta take nannaɗewa, duk abin da ta samu a tsaye nata ne, waya ko reshe ko igiyar shanya. Kuma ba ta mutuwa da wucewar damina, saiwarta na nitsewa ƙasa sosai shi yasa za ki ga da rani komai ya bushe ita tana nan kore shar. Masana suna ce mata Leptadenia hastata, tun daga Senegal har Habasha ana samunta a daji, wato ba baƙuwa bace, ba ruwanta da lallashi, dan haka dan Allah kar ki zuba mata taki musamman mai yawan naitirojin, ganye kawai za ta yi ta tulowa har ki rasa ta ina za ki fara.

Kuskuren da na yi a shekarar farko shi ne na barta kusa da dashen lemona. Na yi tafiyar sati 3 a tsakiyar damina, ina dawowa na tarar ta rufe shi ruf, da na ɗaga ta sai ga ganyensa ya yi rawaya yana zuba saboda ba ya ganin rana, a wani reshen ma har ta bar masa shaida kamar an ɗaure shi da igiya. Na ji zafin abin sosai dan da hannuna na dasa shi. Cikin gaggawa na kama fizgarta, sai na karya rassa 2 masu kyau, wanda ashe ba haka ake yi ba, yanke ta ake daga ƙasa a barta ta bushe a saman, bayan kwana 10 ko sama da haka ta saki sai ki warware ta a hankali ba tare da kin ji wa bishiyar ciwo ba.

Dan haka tun yanzu tana ƙarama ki nuna mata hanya. Ki kafa mata rumfa mai ƙwari, ƙarfe ya fi, in katako ne ya zama mai kauri dan in ta tsufa gindinta kauri yake ya zama itace kuma nauyinta bayan ruwan sama ba kaɗan bane, sannan ki bar tazarar kamar mita 3 tsakaninta da gwaibar. Ki zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi ki ɗora su, duk wani tsiro da ya fito daga gindi ki cire shi tun yana ɗanye. Kar ki taɓa kan su sai sun kai saman rumfar, sun kai sai ki tsinke kan, nan ne za ta fito da rassan gefe ta shimfiɗu ta yi miki inuwar da kike so. Da damina duk sati ki zagaya da almakashi, minti 10 ya isa, amma ki sa safar hannu saboda ruwan jikinta yana da danƙo.

Sai maganar 'ya'ya, nan ne mutane da yawa ke sakaci. Bayan 'yan ƙananan furanninta tana yin 'ya'ya dogaye masu tsini kamar ƙaho, in suka bushe sai su tsage iri ya fito da farin gashi kamar auduga, iska ta kwashe shi, baɗi ki ganta a bayan ɗaki da cikin tukwanen fulawa har gidan maƙwabta. Ki riƙa tsinke su tun suna kore.

In kuma wata rana kin gaji da ita, sara ɗaya ba ya kashe ta, tohowa take. Ki jira a yi ruwa ƙasa ta yi laushi ki tono saiwar iya yadda za ki iya, duk abin da ya sake fitowa ki yanke shi tun kafin ya buɗe ganye, a haka abincin da ta tara a saiwa zai ƙare. Feshin maganin ciyawa kam bana ba ki shawara da gwaiba a kusa. Ki turo mana hoton wajen mu ga inda rana ke faɗowa kafin ki kafa rumfar.