Wace tsirkiya ce za ta sa sautin jitata ya fita garau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jita ta katako ƙirar Yamaha F310 wadda nake raka waƙa da ita, kuma tun da na saye ta bara ban taɓa canja mata tsirkiya ba. Yanzu sautinta ya dushe, ba ya fita garau kamar da. A shago na ga fakiti iri biyu, ɗaya an rubuta masa 80/20 Bronze, ɗayan kuma Phosphor Bronze, ga kuma lambobi 10, 11, 12 da 13. Wanne ne zai ba ni sauti mai kaifi? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka sayi 80/20 Bronze mai lamba 12. Sai dai ina so ka san cewa mafi yawan kaifin da ka rasa tsufan tsirkiya ne ya cinye shi, domin tsirkiyar da ta shekara a jikin jita ana kaɗa ta ta riga ta gama aikinta, ko da wane irin ƙarfe aka yi ta.

Kana iya tabbatar da haka da idonka. Ka zura farin ƙyalle a ƙarƙashin tsirkiya ta huɗu ko ta biyar (ana fara ƙirga daga mafi siranta), ka ja shi daga sama zuwa ƙasa, za ka ga baƙin layi ya fito a jikinsa. Sannan ka sassauta tsirkiya ta uku ka duba cikinta, za ka tarar da 'yan wuraren da suka lotsa suka baje daidai inda take gogar ƙarafan wuyan jita. Gumi da maiƙon hannu da ƙura suna shiga tsakanin zagayen wayar da aka naɗe tsirkiyar da ita, su daskare a can, su hana ta karkarwa yadda ya kamata. Siraran amo na sama, waɗanda su ne kunne ke ji a matsayin kaifi, su ne suke fara mutuwa, sai a bar ka da sauti mai nauyi wanda ba ya daɗewa yana amsawa.

Game da fakitin biyu da ka gani, bambancinsu yana cikin wayar naɗi. Ta 80/20 haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 80 da tutiya kashi 20, launinta rawaya ne mai ɗaukar ido, kuma tana ba da kaifi a siririn amo na sama da ƙarfi a amo mai kauri na ƙasa, amon tsakiya kuma ya ɗan ja baya. Ta Phosphor Bronze kuwa, wadda kamfanin D'Addario na Amurka ya fito da ita a 1974, jan ƙarfe ce kusan kashi 92 da kuza kusan kashi 8 da ɗan sinadarin fosforos kaɗan, launinta ya fi karkata zuwa ja, sautinta kuma ya fi kauri da taushi. Aibin 80/20 shi ne ba ta jure gumi da laimar iska, don haka kaifin nan da ake sonta dominsa yakan ragu cikin 'yan makonni ga mai kaɗawa kullum, musamman da damina, alhali Phosphor Bronze tana farawa da ƙarancin kaifi amma ta fi daɗewa a kan yadda ta fara. Ga mai neman abin da kake nema, ni dai na fi son a ɗauki 80/20 a riƙa canjawa a kan kari.

Akwai wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba. Tsirkiyoyi huɗu masu kauri ne kaɗai aka naɗe; guda biyu sirara na ƙasa zallar ƙarfe ne a fakitin biyu duka. Saboda haka idan ƙorafinka a kan waɗannan biyun yake, sauya nau'in naɗi ba zai ƙara maka komai ba, sabuntarsu da kaurinsu ne kawai za su yi tasiri.

Lambobin kuma kaurin tsirkiya mafi siranta suke nunawa: 12 tana nufin inci 0.012, kuma a fakitin D'Addario mai wannan lamba mafi kaurin takan kai 0.053. Mutane da yawa suna ɗauka cewa lamba 10 ce ta fi kaifi. Gaskiya ne kunne yana jin ta da kaifi, amma dalilin shi ne sautin ƙasa ya ragu, kuma ba ta da ƙarfin girgiza fuskar jita sosai, sai amon ya fito siriri ba cika. Lamba 13 tana da ƙara da cika, amma jan da take yi wa jita ya haura kilo 80, na lamba 12 kuwa ya ɗan wuce kilo 70, kuma wannan ƙarin yana iya lanƙwasa wuya ya ɗaga tsirkiyoyin sama har danna su ya zama wahala. Idan yatsunka ba su yi kanta ba tukuna, ka sauka zuwa 11, ba laifi.

Idan kana cikin masu gumin hannu da ke ɓata tsirkiya cikin kwanaki kaɗan, ka nemi mai rufi, wato wadda aka lulluɓe da siririn rufi mai kare ta daga gumi da datti. Tsirkiyar Elixir ce ta shahara da wannan tun 1997, kuma tana da 80/20 mai siririn rufi da ake kira Nanoweb, wanda ya fi Polyweb mai kauri barin kaifi ya fita. Ranar farko ba ta kai marar rufi kaifi ba, kuma ta fi tsada sosai, amma bayan wata biyu ita ce za ka tarar tana nan da sauran amonta. Ka guji fakitin da aka rubuta wa Silk and Steel ko Monel, domin an yi su ne don masu son sauti mai laushi. Haka kuma duk wannan bayani na jita mai tsirkiyar ƙarfe ne irin taka. Wanda jitarsa ta nailan ce kada ya kuskura ya ɗaura mata ƙarfe, domin ba a gina ta don ɗaukar wannan ja ba, kuma jakinta, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a fuskar jita, yana iya ɓallewa.

Bayan ka ɗaura sababbin, ka ba su kwana ɗaya ko biyu su zauna kafin ka yanke hukunci. Idan har yanzu kana son ƙari, ka gwada siririyar robar kaɗawa, ka kuma matsar da hannunka kusa da jaki maimakon saitin ramin jita, za ka ji kaifin ya ƙaru nan take ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Ka kula da jabu, domin suna da yawa a kasuwa. D'Addario tana buga lamba a jikin ledar ciki wadda ake iya tantancewa a shafinta na intanet. Sannan ka wanke hannu kafin kaɗawa, ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle idan ka gama, kuma idan kullum kake kaɗawa ka sa ran canja 80/20 marar rufi duk wata ɗaya zuwa biyu.