Amsa ga mai son shirya waƙa da sayar da abinci a gidansa a unguwar Gwarinpa, Abuja

Malam, kan tambayarka ko za ka iya riƙa kawo mawaƙa tsakar gidanka duk ƙarshen wata kana yankar tikiti, uwargida kuma na sayar da abinci, gaskiya ka bi a hankali. Fara ɗauko takardar filin nan ka duba, a ciki an rubuta abin da aka ba da shi dominsa, in na zama ne to na zama ne. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnati, a Abuja kuma minista ne ke riƙe da ita, shi ya sa maida gida wajen kasuwanci sai ka nemi izinin canjin amfani wajen 'yan Development Control, wato sashen da ke kula da tsarin gine-gine a Abuja, in ba haka ba wata rana ka tashi ka ga jan fenti a katanga.

Suna ko walima sau ɗaya ba mai kula ka. Amma da zarar kuɗin shiga ya shigo kuma abin ya zama duk wata, ga sifika har sha biyun dare, ga motoci sun toshe ƙofar mutane, to maƙwabci ɗaya ya isa ya kai ƙara AEPB, hukumar kare muhalli ta Abuja, saboda hayaniya, kuma wallahi ba zan ga laifinsa ba, a layinmu mun sha wannan wahalar da jariri a ɗaki.

Abincin Hajiya in oda ce ake zuwa a karɓa a tafi, da wuya wani ya damu. In haya kake kuwa tambayi mai gida tukuna. Waƙar dai ka kama hol ko lambu, ka sa kuɗin wajen cikin tikiti.