Dalilin da ya sa wasu gidaje ke ƙin rigakafin shan inna

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wasu ke ƙin rigakafin shan inna alhali kyauta ne. Kyautar ce ma ke tayar da zargi: ana bin gida-gida da ɗigo biyu, amma maganin zazzaɓi sai ka saya. Ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996. A 2003, ana tsakiyar rashin jituwa da gwamnatin Obasanjo, Kano ta dakatar da rigakafin, sai Yulin 2004 aka ci gaba da wanda aka kawo daga Indonesiya. Sannan uwa ba ta miƙa yaro sai maigida ya yarda, shi kuwa liman da mai unguwa yake kallo. Da su ya kamata ma'aikata su fara zama kafin su shiga unguwa.