Amsa ga Yaya kan "wasa kawai muka yi"

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yaya, tun azahar na saurari muryarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kullum yarinyarki ta dawo daga matanel, wato makarantar renon yara ta kafin firamare, in kika tambaye ta me aka koya musu, sai ta ce "wasa kawai muka yi", littafinta kuma fari fat, har kina tunanin ki cire ta ki kai ta SIL, wato ajin farko na firamare, tana da shekara 4. Don Allah ki ɗan saurare ni. Aikina ke nan a nan Garwa ta Kamaru, sa'o'inta nake riƙewa a aji.

Ki fara duba bakinta tukuna. Yarinyar nan a gida Hausa take ji, ta leƙa ƙofar gida Fillanci ake yi, ta shiga aji kuma malama na yi mata Faransanci. Harshe uku a kan ɗan mitsitsin kai! A watan Satumba, satin farko, wasu ko ruwa ba sa iya roƙa, sai dai su kama zanina su ja. To ta yaya zan ɗora mata alli a hannu? Sai mu yi da'ira a inuwar dalbejiya, in jefa wa yaro ƙwallo, ya faɗi sunansa, ya jefa wa wani. Mu yi waƙa muna taɓa kai, muna taɓa kunne, muna taɓa gwiwa. Kafin sanyin Disamba ya shigo, kalmomin sun zauna a bakinsu, ba wanda ya sha bulala. Shi ma SIL ɗin da kike so, ma'anar sunansa ajin fara koyon harshe ne, kuma 'yan shekara 6 aka tanadar wa shi, kin ji.

Sai hannu. Wannan shi ne iyaye ba sa gani, kuma wallahi ya fi damuna. Yatsun ɗan shekara 4 ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba. Shi ya sa muke ba su yumɓu su murza, su yi 'yar tukunya, su yi saniya mai tozo. Muna ba su zare su shirya duwatsun ado, su yayyaga takarda su manna. Rubutun farko a yashi muke yi da yatsa, in ya karkace a shafe a sake, ba kuka. Yaya, ke ba ki yi carafke ba kina ƙarama? Ki tuna yadda ido ke bin dutsen sama, hannu na kwashe na ƙasa, baki na ƙirgawa. Ai lissafi ne da horon hannu a haɗe, mu dai ba mu san sunansa ba a lokacin. Ni a ajina marafan kwalba ne jarina: ja gefe guda, kore gefe guda, wanne ya fi yawa, in na ɗauke biyu saura nawa.

Lokacin cin abinci ma darasi ne. Su yi layi su wanke hannu, babu turereniya. Mai makala ya gutsura wa wanda ya zo hannu wofi, mai kunu ya rufe gorarsa da kansa. Akwai wani yaro da ya zo mana shekarar da ta wuce, duk abin da ya gani nasa ne, cizo kuwa ba a magana. Wasan kasuwa ne ya gyara shi. Ranar da ya zama mai shago, ya ga ba mai saye a wurin mai cizo.

Zuwa Maris da Afrilu, kin san zafin Garwa, ya haura 40. Da hantsi ya yi, sai mu shimfiɗa tabarmi, in yi musu tatsuniyar gizo da ƙoƙi, rabinsu su yi barci. Ban taɓa tashin yaro don in cika littafi ba.

Gaskiya akwai makarantun kuɗi da ke ba ɗan shekara 3 aikin gida shafi guda, don iyaye su ga tawada su ji daɗin kuɗinsu. Sau da yawa uwar ce ke riƙe hannun ta rubuta, ni da ke mun sani. Abin da za ki bincika a makarantar yarinyarki daban ne: yara nawa ne a ajin, akwai inuwa, akwai ruwan sha, malamar tana durƙusawa ta yi magana da su ko daga kujera take tsawa. In wannan ne babu, to a nan kina da hujjar sauya mata wuri. Allonta na yamma kuma ta ci gaba da zuwa, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Gobe in ta dawo, ki ce ta koya miki wasan da suka yi, ki zauna a ƙasa ki yi da ita, za ki ji abin da zai fito daga bakinta. Sannan 'yan uwa, duk mai marafan kwalba ko tsohon kwali a gida ta tara min, za mu fara shirin bikin matasa na 11 ga Fabrairu. An kira magariba, sai an jima.