Fitilun akori-kurata suna ɗaukewa da dare, in bari a ja waya daga batir?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Toyota Hilux akori-kura ƙirar shekarun 1990, da ita nake kai hatsi kasuwannin ƙauye. Wata biyu ke nan, idan ina tafiya da dare na mayar da fitila daga dim zuwa ful, sai duka biyun su ɗauke, sai na jijjiga sandar makunnin da ke jikin sitiyari kafin su dawo. Amma idan na ja sandar don yi wa wani filashin, lafiya lau suke kamawa. Bara an sa mini ƙwai masu wat 100 saboda haske ya yi ƙasa. Kwanan nan kuma ina jin ƙaurin roba kusa da sitiyari. Rewaya ya ce a ja waya kai tsaye daga batir, a ɗaura ƙaramin makunni a dashbod, a huta. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda. Kuma don Allah ka jingine tafiyar dare har a yi gyaran nan. Mota ɗauke da buhuna, fitila ta ɗauke mata a kan kwana, ko na daƙiƙa uku ne, ya isa a yi asarar rai. Ƙaurin da kake ji kuwa roba ce ke narkewa.

Bayaninka ya riga ya yi rabin binciken. Tunda filashin yana kamawa, ƙwan lafiyarsa lau, fiyus bai ƙone ba, rile ɗin fitila, wato makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa domin ya saki babbar wuta, yana aiki. Tunda kuma hagu da dama tare suke mutuwa, matsalar tana inda suka yi tarayya, domin a yawancin waɗannan motoci kowane ɓangare da fiyus ɗinsa. Abin da ya rage shi ne sashen makunnin da ke sauya dim da ful. A cikinsa akwai 'yan ƙananan tagulla da ke haɗa baki idan ka tura sandar. Na filashin daban ne, ba a cika wahalar da shi ba, shi ya sa ya tsira. Na ful ya ci wuta, ya yi baƙi, robar da ke riƙe da shi ta yi laushi ta goce. Jijjigawar da kake yi ce ke sa su sake taɓa juna na ɗan lokaci.

To me ya ƙona shi? Ƙwan nan na bara. Ƙwan da aka ƙera motar da shi, irin H4 mai ƙafa uku, wat 60 ne a ful, 55 a dim. A kan volt 12 kowane ɗaya yana jan kusan amfiya 5, biyun wajen 10. Mai wat 100 yana jan sama da amfiya 8, biyun sun haura 16. A tsofaffin Toyota da yawa, duk wannan wutar ta cikin makunnin take bi, saboda tsarinsu ya saɓa wa abin da aka saba: wuta tana zuwa ƙwan daga rile, makunnin kuma shi ke ba da at, wato hanyar komawar wuta jikin mota. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, shekara guda yana ɗauka, yanzu ya durƙusa.

Wannan tsari na Toyota yana rikita masu gyara sosai. Yaro zai ɗora testa a soket ɗin ƙwai, ya ga wuta a ƙafa biyu ko ma duka ukun, ya ce wayoyi sun haɗe, ya kama yanka. Babu abin da ya haɗe. Wutar ce ta ratsa zaren ƙwan tana jiran makunni ya ba ta at. Duk wanda zai taɓa maka motar, ka fara tambayarsa ta ina ake kunna fitilar, ta wuta ko ta at. Amsarsa za ta nuna maka ko ka bar masa makulli.

Abin da ya fi damuna shi ne tun farko ba a nemi dalilin raguwar hasken ba. Ƙwai mai wat 60 a mota mai lafiyar waya yana haska hanya sosai. Abin da ke faruwa a tsohuwar mota shi ne tsatsa da ƙura da zafi suna cin bakin wayoyi, kowace mahaɗa tana sace ɗan abu, sai batir yana ba da volt 14 amma abin da ke isa ƙwan bai wuce 12 da ɗoriya ba. Ƙwan halojin irin na motarka kuwa ba ya yafe wannan: idan wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske yana raguwa da kusan kashi 30. Gwajin ba shi da wuya. A tayar da inji, a kunna fitila, a auna da mita a kan batir, sannan a auna tsakanin ƙafafun ƙwan da ke ci. Idan bambancin ya wuce rabin volt, akwai inda wuta ke zuba. A duba madubin cikin gidan fitilar ma, in ya dushe ko ya yi tsatsa, babu ƙwan da zai gyara shi.

Shawarar rewayanka za ta kawo haske, ban musa ba. Amma irin wannan aiki sau da yawa ba a sa masa fiyus, wayar kuma ana zura ta ta hudar ƙarfe babu roba. Ranar da ƙarfen ya cinye bawonta, batir zai juye duk ƙarfinsa a cikinta, ta yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin dashbod. Ƙaramin makunnin kasuwa shi ma amfiya 16 ɗin nan za ta gasa shi kamar yadda ta gasa na asali. Ga shi za ka riƙa sakin sitiyari kana lalubensa duk lokacin da mota ta taho gabanka.

Gyaran da nake ba da shawara ga shi. A kwance murfin sitiyari a ciro makunnin. In tagullar baƙi kawai ta yi, a goge ta da sanfefa mai laushi. In robar ta narke, kuma ƙaurin da ka ambata ya sa nake kyautata zaton ta narke, a nemo wani, ko na gwanjo ne mai kyau. A duba soket ɗin da makunnin ke shiga da na bayan ƙwan, duk wanda ya yi ruwan ƙasa ko bakinsa ya saki a canza shi. Sannan a ƙara rile biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful, kowanne da fiyus ɗinsa dab da kan batir, da waya mai kauri zuwa ƙwan, da at mai tsafta a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa. Daga nan aikin makunnin sitiyari ya koma tayar da rile kawai, wanda abin da yake ja bai kai rubu'in amfiya ba. Wannan shi ne jan waya daga batir na gaskiya. Bayan an gama, a duba shuɗiyar alamar ful a dashbod, domin a waɗannan motoci takan daina kamawa idan an sauya tsarin, sai an yi mata 'yar dabara.

Ƙwan kuwa, ka koma 60/55. Mai wat 100 yana gasa soket da madubi, yana kuma kashe wa mai zuwa ido, shi ma da iyali a gida. Wajen sa sabo kada a taɓa gilashinsa da hannu, maiƙon yatsa yana rage masa kwana. Kafin ka bar garejin, a auna cajin altaneta inji yana aiki: tsakanin 13.8 da 14.4 shi ne daidai. In ya kai 15, ƙwai zai yi ta ƙonewa komai kyan wayar, sai an gyara regileta, wato abin da ke daidaita cajin.